Jawabin Sakataren Ƙungiya Kan Aikin Babbar Kwata da Abin da Za Mu Shuka a Bakinta



Mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, shugaban wannan taro, malamanmu da limamanmu, shugabannin 'yan kasuwa, iyayenmu mata, wakilan ƙungiyar masu gidaje ta maƙwabtanmu Yarbawa da suka amsa gayyatarmu, matasa da sauran jama'a baki ɗaya, muna yi muku barka da zuwa, Allah ya saka da alheri.

Kamar yadda kowa ya sani, dalilin kiran wannan taro shi ne maganar babbar kwatar da za a haƙa ta bayan layin shagunanmu har ta faɗa rafi. Tun da aka shafa jan fenti a bangon wasu gidaje da shaguna, unguwa ta rabu gida uku. Akwai masu cewa a tare hanya, kada a bari katafila ta shigo. Akwai masu cewa mu baƙi ne a garin nan, duk abin da aka yi mana mu yi shiru mu bar wa Allah. Akwai kuma waɗanda fentin bai taɓa bangonsu ba, suna ganin abin bai shafe su ba. Kwamitin ƙungiya ya zauna, ya saurari kowane ɓangare, ya nemi shawarar lauya da ta injiniya, kuma abin da za mu karanta muku yanzu shi ne matsayar da muka cimma, domin ku duba ku gyara, ku amince ko ku ƙi.

Dalilin da ya sa ba za mu ƙi kwata ba

Duk wanda ya daɗe a Badun ya san ruwan garin nan ba abin wasa ba ne. Kogin Ogunpa ya yi ambaliya a 1963, ya sake a 1978, sannan ranar 31 ga Agusta, 1980 ya yi wadda dattawanmu ba su manta ba har yau, wadda ta ci rayuka masu yawa ta share gidaje da kasuwanni. Ranar 26 ga Agusta, 2011 kuma aka yi ruwan da ya kashe mutum sama da 100, ya karya gadar Apete, ya yi ɓarna a Odo-Ona da Eleyele da wasu unguwanni. Masu auna ruwan sama sun ce abin da ya sauka a ranar ya wuce milimita 180 cikin 'yan sa'o'i.

Bari mu kawo lissafin kusa, irin wanda ake yi a ajin yaƙi da jahilci. Milimita 1 na ruwan sama daidai yake da lita 1 a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1. Ke nan rufin kwano mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi ya zubar da lita 18,000 a wannan rana, wato jarka 720 mai cin lita 25, daga gida ɗaya tak. Ku ƙirga gidajen layinku. A da ƙasa tana shanye kaso mai yawa na wannan ruwa, amma yanzu tsakar gida siminti, ƙofar shago siminti, titi kwalta. Ruwan da bai sami inda zai nutse ba dole ya nemi hanya, idan ba a yi masa ba ya yi wa kansa, kuma ba ya tambayar yaren mai gida kafin ya shiga.

Bayan ambaliyar 2011 ne gwamnatin Jihar Oyo ta sami rancen dala miliyan 200 daga Bankin Duniya a 2014 domin aikin shawo kan ambaliya a Badun, wanda a ƙarƙashinsa aka gyara madatsar ruwa ta Eleyele da aka gina tun 1942, aka yi gadoji da kwalbatoci da magudanan ruwa a wurare da dama. Saboda haka kwamiti bai goyi bayan tare hanya ba. Muna son kwata, mu ne ma muka fi kowa buƙatarta, domin shagunan da ke gangare su ruwa ke fara ci. Abin da muke nema shi ne a yi ta bisa doka, a yi ta da kyau, kuma kada a yi ta a kan wuyan talaka.

Shin mu baƙi ne?

Ga 'yan'uwanmu masu cewa mu yi shiru don mu baƙi ne, muna tunatar da su cewa an kafa unguwar Sabo ta garin nan tun 1916, kuma tun kafin nan fataken shanu da na goro suke sauka a Badun. Akwai mutane a cikin taron nan da aka haifi kakanninsu a nan. Muna biyan haraji, muna biyan kuɗin shago, muna jefa ƙuri'a a nan.

Ko da a ce jiya mutum ya sauka daga mota, Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba shi kariya. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zirga-zirga da zama a duk inda ya so a ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa ko asalin garinsu ko addininsa. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar gida ko fili a kowane yanki. Sashe na 44 kuma ya ce idan hukuma za ta karɓe dukiyar mutum tilas, sai ta bi hanyar doka, ta biya diyya ba tare da jan ƙafa ba, kuma mutum yana da damar zuwa kotu idan bai gamsu da abin da aka yanka masa ba.

Amma mu lura da kyau, jan fentin nan bai tsaya a bangon Bahaushe ba, ya hau na Bayarabe, ya hau na Ibo mai sayar da kayan gyaran mota. Don haka duk wanda ya ce wannan aiki an ƙirƙiro shi ne don a kori Hausawa, mu nemi ya kawo hujja, idan babu ya kama bakinsa. Mun ga abin da ya faru a kasuwar Sasa a watan Fabrairun 2021, inda saɓani tsakanin mutane kaɗan ya zama rikicin ƙabilanci, aka rasa rayuka, aka ƙona shaguna da gidaje na kowane ɓangare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa muka gayyato maƙwabtanmu, kuma duk takardar da za mu rubuta tare za mu sa mata hannu.

Abin da doka ta ce kan rusau da diyya

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin mallaka idan za a yi aikin amfanin jama'a, kuma magudanar ruwa tana cikin irin wannan aiki. Sai dai dokar ta ce dole a ba mai haƙƙin sanarwa a rubuce. Fenti a bango alama ce ta masu awo, ba ya zama madadin takarda. Sashe na 29 kuma ya ce za a biya diyyar abin da mutum ya kashe a kan filin wanda amfaninsa bai ƙare ba, kamar gini da rijiya da itatuwan amfani da shuka, kuma ya ambaci mai mallaka da wanda ke zaune a wurin.

A nan akwai magana mai ɗaci wadda dole mu faɗa. Dokokin tsara birni sun hana gini a bakin rafi ko a kan hanyar ruwa, sun ce a bar tazara. Wanda ya ƙara rumfa ko ɗaki a cikin wannan tazara ba tare da izinin gini ba, da wuya ya ci nasara idan ya nemi diyya a ƙarƙashin dokar ƙasa, kuma ƙungiya ba za ta yaudare shi ta ce zai samu ba. Abin da za mu nema masa shi ne isasshen wa'adi ya kwashe kayansa ya cire kwanonsa da katakonsa da hannunsa, da kuma wani wurin da zai ci gaba da neman abinci.

Akwai kuma wata ƙofa. Idan kuɗin aiki na Bankin Duniya ne, ƙa'idar bankin ta ce ko wanda ba shi da takardar fili, da ɗan haya, da mai tebur a bakin hanya, ana ba su tallafin tashi da na asarar sana'a, muddin an ƙirga su kafin ranar rufe ƙidaya, kuma dole a buɗe wurin kai ƙorafi. Wannan ya sa tambayarmu ta farko ita ce: kuɗin wa ake aikin nan da shi? Kuma wannan ya sa muke roƙon kowa, ranar da masu ƙidaya suka zo kada ya ɓuya don tsoron haraji. Wanda ba a rubuta sunansa ba, ba shi a lissafi.

Abubuwan da muke nema a rubuce

Na ɗaya, a nuna mana zanen aikin: inda kwatar za ta bi, faɗinta, zurfinta, da tazarar da za a bari hagu da dama, kuma a auna kowa da igiya ɗaya. Idan layi ya lanƙwasa ya kauce wa ginin wani mai hali ya faɗa kan shagon mai ƙaramin ƙarfi, muna son injiniya ya yi mana bayanin dalili.

Na biyu, a gaya mana inda ruwan zai ƙare. Kwatar da aka fara daga tudu aka tsaya a rabi ta fi rashin kwata haɗari, domin tana tara ruwan unguwanni ta juye shi wuri ɗaya. Muna neman a fara daga bakin rafi a hauro sama, kuma kwalbatin da ke ƙarƙashin titi ya zama mai faɗin da zai ɗauki ruwan.

Na uku, idan aikin yana cikin manyan ayyukan da dokar tantance illa ga muhalli ta 1992 ta shafa, a gaya mana inda aka ajiye rahoton, domin ƙa'ida ita ce a baje shi kwanakin aiki 21 jama'a su karanta su faɗi ra'ayinsu.

Na huɗu, a yi mana gadojin tsallakawa a ƙofar masallaci da makaranta da bakin kasuwa, masu faɗin da baro da keken guragu za su wuce, a sa ƙarfen kariya inda rami ya yi zurfi. A lokacin aiki kuma a killace ramin, a sa alama da dare, kada a bar rodi a tsaye inda yara ke wasa.

Na biyar, duk bututun ruwan sha da aka fasa a gyara shi, a kwashe ƙasar da aka haƙo kada a bar ta ta koma cikin kwata da ruwan farko, sannan a ɗauki matasan unguwa, namu da na maƙwabta, aikin leburanci da gadi.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan takardu daga ofishin gwamnati, kuma ta ba ofishin kwana 7 ya ba da amsa. A 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Idan aka yi biris da mu, akwai Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ga marasa ƙarfi, sannan akwai kotu. Matakala ce, za mu hau ta ɗaya bayan ɗaya.

Kwata ba masai ba ce

Wani ɓangare na gardamar nan shi ne batun bututun bayan gida. Wasu masu gidaje suna jiran a gama aiki su jona bututun masai da kwata don su huta da kuɗin kwasar sokawe. Kwamiti bai yarda da wannan ba ko kaɗan. Akwai bambanci tsakanin magudanar ruwan sama da bututun ƙazanta. Na biyun a rufe yake a ƙarƙashin ƙasa, yana kai ƙazanta wurin da ake tace ta, kamar matatar Wupa da ke Abuja. Tamu kwatar a buɗe take, kai tsaye rafi za ta, kuma a gaba akwai mutanen da ke wanki da ban ruwan lambu da wannan rafi. Ƙazantar da ta shiga kwata ita ke komowa cikin rijiya idan ruwa ya cika, daga nan sai amai da gudawa da taifot. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar kamar mita 30 tsakanin ramin masai da rijiyar sha, abin da ke da wuya a cunkoson gidajenmu, don haka bai kamata a ƙara wa Borno dawaki ba. Haka nan jini da tumbin mahauta, da baƙin mai na makanikai, da ledar fiya wata, kowanne a nema masa wurinsa. Wanda ke neman haƙƙinsa a wurin hukuma, kada ya tauye na wanda ke zaune a gangare.

Abin da za mu shuka a bakin kwata

Bayan an gama aiki za a bar fili tsirara hagu da dama. Irin wannan fili abu uku ke samunsa: ko ya zama bola, ko wani ya kafa kes a kai a sake dawowa da jan fenti bayan 'yan shekaru, ko ruwa ya zaizaye jar ƙasar ya cika kwatar da yashi ya kuma ci gindin kankare. Idan ya tsira daga waɗannan, ciyawar nan da maƙwabtanmu ke kira Akintola ta mamaye shi, wadda asalinta daga nahiyar Amurka aka kawo ta, tana danne kowane tsiro, da rani kuma ta bushe ta zama makamashin gobara. Maganin duk wannan shi ne mu riga kowa, mu shuka wurin da izinin hukuma a rubuce.

Wasu sun ce a sa dalbejiya ko malaina ko turare tunda suna saurin girma. Dalbejiya daga ƙasar Indiya aka kawo ta a zamanin Turawa, malaina ma daga Asiya, turare daga Ostireliya. Sun yi mana amfani a Arewa wajen inuwa da tare iska, ba mu raina su ba. Amma bakin kwata a ƙasa mai damina kusan wata takwas yana son tsiron da ya saba da ƙasar, wanda ba ya buƙatar ban ruwa da taki bayan ya kama, wanda tsuntsaye da ƙudan zuma na nan suka san shi, kuma saiwarsa ba ta fasa kankare. Ga shawarar kwamiti, layi uku.

Layin farko, dab da kankare, jema. Iyayenmu mata sun san ta, ita ce ake sa saiwarta a randa don ƙanshin ruwa, ana kuma saƙa da ganyenta. Ciyawar ƙasashenmu ce ta Afirka ta Yamma, tana jure ambaliya tana jure fari, saiwarta tana nutsewa ƙasa sosai maimakon ta bazu gefe, ta riƙe ƙasa kamar raga. Masana aikin gona a Jami'ar Ibadan sun gwada ta wajen hana zaizayar ƙasa sun ga amfaninta. Ana raba gindinta ne a dasa a jere, tazarar kamar faɗin tafin hannu, idan ta haɗe sai ta zama shinge mai tace yashi da shara kafin ruwa ya faɗa kwata. Inda ba a sami jema ba, gamba ma tana riƙe ƙasa, sai dai a riƙa yanke ta kafin ta bushe, masu dabbobi kuwa ba za su bari ta yi kwantai ba.

Layi na biyu, a kan iyakar tazarar, aduruku. Reshensa kawai ake yankowa a kafa ya kama, yana miƙewa sama ba ya cin wuri. Shi ne maƙwabtanmu ke kira akoko, wanda suke sa ganyensa a kan mutum ranar naɗin sarauta, kuma sun daɗe suna shata iyakar fili da shi. Itacen da mutanen gari ke girmamawa ba a saurin sa masa adda, kuma duk wanda ya ga layin aduruku ya san nan ne iyaka, ba sai an sake kiran mai awo ba.

Layi na uku, nesa da kwata, a harabar makaranta da filin masallaci da bakin kasuwa, manyan itatuwa: ɗinya, wadda da ma bakin rafi take so, da maɗaci, da agwaluma, da goro a inda akwai inuwa. Abin kunya ne a ce fiye da shekara 100 muna cin abinci da goro a garin nan, amma akwai yaranmu da ba su taɓa ganin bishiyarsa ba. Ceɗiya da ɓaure kuwa, duk da namu ne, kada a kusantar da su ga kankare ko sokawe, domin saiwarsu tana bin danshi ta shiga kowace tsaga. Rimi da loko sai fili mai faɗi. Shuwaka da ɗaɗɗoya da sauran abin miya a shuka su cikin gida, kada a ci ganyen da ruwan kwata ke taɓawa.

Ba sai mun je nesa neman iri da shawara ba. Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ƙasa tana nan Jericho, cibiyar binciken aikin gona ta IITA kuma tana kan hanyar Oyo, tana da daji da wurin renon itatuwan gida. Lokacin dashe shi ne farkon damina, daga Afrilu zuwa Yuni, domin tsiro ya kafu kafin rani. Babban abokin gabarsa kuwa awakinmu da tumakinmu ne, don haka kowane dashe sai an yi masa keji, kuma kowane gida ko shago zai ɗauki nauyin abin da ke gabansa.

Abin da kowa zai yi daga yau

Duk wanda aka shafa wa fenti ya kawo wa ofishin ƙungiya kofen takardunsa: takardar cinikin fili ko ta mallaka, izinin gini, rasit ɗin haya, rasit ɗin haraji da na kuɗin shago. Asalin takarda ya zauna a hannunsa, kada ya ba kowa. A ɗauki hoton gini ciki da waje da waya tun kafin a taɓa shi, a auna tsawo da faɗi a rubuta. 'Yan haya da mata masu sayar da abinci a bakin layin su ma su zo a rubuta su, kada a ce sai masu gida.

Kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba. Ɗaliban ajin dare da malamansu sun ɗauki alkawarin zama bayan sallar la'asar su karanta wa mutane takardunsu su fassara, ba tare da karɓar ko kwabo ba. Kada kuma a ba kowa kuɗi don ya goge fenti ko ya karkatar da layi. Wanda ya karɓi kuɗinka a ɓoye ba zai tsaya maka a fili ba, kuma layin da aka kawar daga bangonka a kan na maƙwabcinka zai sauka.

Matasa, muna roƙonku, kada wanda ya jefi ma'aikaci ko ya taɓa injin ɗan kwangila. Dutse ɗaya ya isa ya mai da mai gaskiya mai laifi. Idan kun ga an zo rusau ba tare da takarda ba, ku kira shugabanni, ku ɗauki hoto, ku rubuta rana da lokaci.

Daga ƙarshe, kwamiti yana neman amincewarku a kan abu uku: a kafa kwamitin haɗin gwiwa da maƙwabtanmu wanda zai ƙunshi mata da 'yan haya, a aika da takardar buƙatunmu guda biyar cikin makon nan, sannan a ware Asabar ɗin ƙarshen kowane wata don yashe kwata da duba shuke-shuke. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bayan wannan jawabi za a buɗe fili, kuma muna roƙon a fara ba waɗanda fentin ya shafa dama su yi magana.

Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya kiyaye mu daga ambaliya da annoba, ya ba mu damina mai albarka.